Kafin ka ja wa motarka ratsi

Tunda bidiyon motoci masu ratsi ya cika TikTok da Instagram, masu manna sitika suka samu kasuwa. Kai ma wataƙila ka tara hotuna a waya, jira kake kuɗi su shigo a ja maka layi biyu tun daga bonet har but. Ba mu ce kada ka yi ba. Amma ka san abin da za ka ɗora wa motar, don kowane ratsi da asalinsa, kuma akwai waɗanda suka sani.

A da, kowace ƙasa da launinta a fagen tsere: Italiya ja, Birtaniya kore, Faransa shuɗi. Na Amurka fari ne da shuɗi. A 1951 Briggs Cunningham ya kai motocinsa gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa, farare tas, da layi biyu shuɗɗa a tsakiya, yadda ko daga nesa za a gane ta wace ƙasa ce ta wuce. Carroll Shelby ya ɗauki salon ya sa wa Mustang GT350 a 1965, daga nan ya fito titi. Shuɗi mai haske da ruwan lemo da kake gani kuwa launin kamfanin mai na Gulf ne, shi ke jikin Ford GT40 da ta ci Le Mans a 1968 da 1969. Layukan nan uku na BMW, shuɗi mai haske, shuɗi mai duhu da ja, tambarin sashensu na tsere ne da aka kafa a 1972.

To ka ga matsalar. Mutum ya sayi Benz, ya manna mata layukan BMW a hanci, ya ɗora hoto yana jiran yabo. Daidai yake da ka sa rigar Barcelona da wandon Madrid. 'Yan kwamen ba sa yafiya, kai ma ka sani.

Sannan ka dubi jikin motar. Layi biyu masu faɗi sun fi dacewa da mota mai dogon bonet da faɗin ƙirji irin Mustang ko Camaro. Ƙaramar mota siririn layi ɗaya a gefe ya ishe ta. Launi biyu, in ya yi yawa uku. Da ka haɗa ratsi da lamba a ƙofa da hoton wuta da sunayen kamfanoni goma da ba su san da zamanka ba, ta tashi daga motar tsere ta koma allon talla.

Abin da ya fi damun mu shi ne abin da ratsin ke yi wa kan direba. Bai ƙara wa inji komai ba, bai gyara birki ba, tayar nan ta gwanjo tana nan yadda take. Amma sai yaro ya fito daga wajen mai sitika yana jin shi ma ɗan tsere ne, ranar ɗaurin aure ya shiga wasan mota a tsakiyar jama'a. Waɗanda ka kwaikwayi launinsu a rufaffen fili suke gudu, da hular kwano, da motar asibiti a gefe. Titin unguwarku almajirai ne da 'yan talla da masu adaidaita.

In ka yanke shawara, sitika ta fi fenti sauƙin gyara kuskure, don tana ɓaruwa. Sai dai ranarmu ba ta wasa. Sitika mai arha tana koɗewa ta tsattsage, in kuma ta daɗe, ranar da ka ɓare ta za ka tarar fentin ƙasanta ya fi na sauran jikin duhu, mai saye kuwa da wannan zai karya maka farashi. Kafin a manna komai, ka sa a fara shata layin da tef na takarda, ka ja baya taku ashirin ka duba. In ya karkace da ko ɗan yatsa ɗaya daga tambarin hanci, a sake awo.