Kama kifi ka sake shi hankali ne, amma ba a tsakiyar zafi ba

1/ Zare 🧵
Duk sanda aka ɗora bidiyon Ba'amurke ya sha fama ya kamo ƙaton kifi, ya yi hoto, ya mayar da shi ruwa, sai ka ga mutanenmu na cewa "ƙoshi ne ke damun su". Ni ban yarda ba. Sakin kifin hankali ne. Amma ina da ja da su a wani wuri dabam. Ku biyo ni a hankali.

2/ Mu ɗauki jihar Fulorida, musamman tsibiran Kis da ke can ƙarshen kudu. Teku ne, amma wurare da yawa ruwan bai wuce gwiwa ko ƙugu ba, garau, kana hango yashi da ciyawa. Ƙaramin jirgi ake shiga, a kashe inji, mai jagora ya hau wani ɗan dandamali a baya yana tura jirgin da doguwar sanda.

3/ Wannan ba fatsar jefa ƙugiya ka zauna jiran rabo ba ce. Sai ka ga kifin da idonka tukuna, ka auna inda ya dosa, ka jefa masa a gaba. Inuwarka ta faɗa kansa, ko ƙafarka ta bugi jirgi, shi ke nan ya ɓace. Ya fi kama da farauta.

4/ Manyan abin nema su ne tarfon, bonfish, sunuk da jan kifi. Tarfon ne sarki: fari fat kamar azurfa, ga tsalle sama da ruwa, kuma kakarsa daga Mayu zuwa Yuli ce. Akwai shi a gaɓar Afirka ta Yamma ma. A Gini Bisau aka kama wani mai kusan kilo 130 a 2003, ya kafa tarihin duniya.

5/ Tarfon da bonfish ƙaya ce zalla, Amurkawa ba su damu da cin su ba. Tun 1 ga Satumba 2013 dokar Fulorida ta ce duka biyun kamawa ake a saki. Tarfon da ya wuce inci 40, wato kimanin mita ɗaya, ba a ma yarda ka ɗago shi daga ruwa ba.

6/ To mene ne ribar? Kuɗi, Malam. Wani bincike da aka fitar a 2013 ya ƙiyasta cewa wannan fatsa ta ruwa marar zurfi tana juya kusan dala miliyan 465 duk shekara a tsibiran Kis kaɗai. Mai jagora ya samu, mai otal ya samu, mai man jirgi, mai abinci, mai gyaran inji, kowa ya samu.

7/ Lissafin ba wuya. Kifin da aka soya, sau ɗaya aka ci kuɗinsa. Wanda aka saki kuwa, baɗi wani baƙon zai sake biyan ɗaruruwan daloli don ya bi shi. Tarfon yana iya haura shekara 50 a duniya. Ƙasar Beliz ta yi wannan lissafin, ta kafa irin wannan doka tun 2009.

8/ Sun kuma ga abin da kwaɗayi ke jawowa. A shekarun 1980 wani shahararren kuku a New Orleans, Paul Prudhomme, ya fito da salon gasa jan kifi a kasko har ya yi baƙi. Abin ya zama yayi. Manyan jiragen koma suka far wa iyayen kifin. Kafin shekarun su ƙare, sai da aka rufe kama shi a ruwan tarayya na Tekun Meziko.

9/ Har nan ina tare da su. Wanda ya bar abin da zai ci gobe ba wawa ba ne. Yanzu ga inda muka raba hanya: da yawansu sun ɗauka da zarar ka saki kifi ka wanke hannunka. A watan Yuli da Agusta, wallahi ba haka abin yake ba.

10/ Ruwa yana ƙara zafi, iskar oksijin da ke cikinsa tana raguwa. A daidai lokacin kuma jikin kifi ya fi buƙatarta, don zafin jikinsa na bin zafin ruwa ne. Ruwa marar zurfi kuwa shi ya fi saurin ɗaukar zafi. Kun ga an haɗu ke nan: buƙata ta hau, iska ta sauka.

11/ Kada ku ɗauka zafin wasa ne. Ranar 24 ga Yulin 2023, na'urar auna ruwa a Manatee Bay, kudancin Fulorida, ta nuna digiri 38.4. Jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne. Ruwan teku ya fi jikinka zafi, kuma a cikinsa ake son kifi ya yi kokawar ceton rai.

12/ Sai wani ya zaɓi siririyar igiya don a ce masa gwani, ya ja kifin awa guda har ya galabaita, sannan ya ɗaga shi sama ana "tsaya, sake ɗauka, ban fito da kyau ba". Ka ƙaddara ka gama gudun famfalaƙi, kana haki, wani ya danna kanka cikin bokiti. Haka iska take ga kifi.

13/ Ga kuma masu jira a gefe. Binciken da aka yi a Bahamas ya nuna bonfish ɗin da aka daɗe da shi a iska, har ya kasa tsayuwa daidai a ruwa, shi kifin shak ya fi cinyewa, sau da yawa 'yan mintuna bayan sakinsa. A Boca Grande da Bahia Honda, shak mai kan guduma har a bakin ƙugiya yake yage tarfon.

14/ Saboda haka "ai ya yi iyo ya tafi" ba shaida ba ce. Kyamara ta tsaya a nan, rayuwar kifin ba ta tsaya ba. Mai bidiyo ya samu yabo, kifin ya mutu bayan rabin awa ba wanda ya gani, ba kuma wanda ya ci. Wannan ce asarar da ta fi ba ni haushi.

15/ Abin da ya kamata ba boyayye ba ne. Fita da asuba, ka tattara kafin rana ta take. Igiya mai ƙarfi don a gama da wuri. Danne ƙayar ƙugiya ta fita da sauƙi. Jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, don yauƙin jikinsa kariya ce. Hoto a cikin ruwa. Shak ya bayyana, bar wurin.

16/ Amma nasiha kaɗai ba ta isa ba. A gaɓar Atlantika ta Fulorida, daga 1 ga Yuni zuwa 31 ga Agusta ba a tafiya da sunuk gida, don lokacin zuba ƙwansa ne. Madalla. Sai dai an bar ka ka kama ka saki yadda ka ga dama, ko da ƙarfe biyu na rana ne.

17/ Jihar Montana kan hana fatsa a wasu kogunanta daga ƙarfe 2 na rana zuwa 12 na dare idan ruwa ya yi zafi da yawa. Kifinsu dabam ne, na ruwan sanyi, amma dabarar ɗaya ce. A ganina ya kamata gaɓar teku ma ta samu irin wannan: ma'auni ya haura, a nannaɗe igiya.

18/ Na san wani zai ce: to me ya kai ka wahalar da dabba don nishaɗi tun farko? Tambaya ce mai nauyi, ba zan yi mata dariya ba. A Siwizalan doka ta hana ka fita fatsa da niyyar saki. Ni dai a wurina, wanda ya kama ɗaya bisa ƙa'ida ya ci ya fi wanda ya galabaitar da talatin da tsakar rana.

19/ Sai maganar da masu bidiyo ba sa so. A Nuwamban 1994 masu zaɓe a Fulorida, kusan kashi 72 cikin 100, suka amince a haramta tarun da ke shaƙe kifi a ruwan jihar. Dokar ta fara aiki 1 ga Yulin 1995. Ƙungiyoyin masu fatsar nishaɗi ne a sahun gaba wajen neman ta.

20/ Wa ya biya kuɗin? Masuntan gado, waɗanda tarun ne abincinsu. A garin Cedar Key da yawa sai kiwon ƙumba suka koma. Ina goyon bayan kare kifi, amma a faɗi gaskiya: talakan masunci aka fitar daga ruwan, mai hutu ya shiga. Wanda ya ci wannan gajiyar, nauyin kula da ruwan ya fi hawa kansa.

21/ Kuma hana taru bai hana ruwan lalacewa ba. A Indian River Lagoon, takin zamani da ruwan masai sun yi ta gangarawa, gansakuka ta rufe hasken rana, ciyawar ƙarƙashin ruwa ta mutu. A 2021 ayu fiye da 1,100 suka mutu a Fulorida, da yawansu yunwa ce. E, ayu, ɗan'uwan namu na Binuwai.

22/ Wannan ciyawar ita ce gidan jatan lande da ƙaguwa da ƙananan kifi, abincin su jan kifi da bonfish. A 2022 kuma masu bincike na wata jami'a a Miami suka gwada bonfish 93, suka tarar da burbushin magungunan mutane a jikinsu, kusan iri bakwai kowanne, wani har 17. Daga magudanar gari suka fito.

23/ In yi musu adalci: tun 1950 akwai harajin tarayya a kan kayan fatsa, kashi 10 cikin 100 a kan mafi yawansu, ana mayar wa jihohi don kula da kifi. A 2016 kuma wasu masu jagorar fatsa suka kafa Captains for Clean Water don matsa wa 'yan siyasa lamba kan gurɓataccen ruwa. Irin waɗannan nake girmamawa.

24/ Matsayata ke nan. Saki ya fi kwashewa, tarihin jan kifi ya nuna. Amma mai son kifi na gaske ana gane shi ne ranar da ruwa ya yi zafi, tarfon na yawo a gabansa, ya haƙura ya juya jirgi. Da kuma ranar da ake taron ƙaramar hukuma kan magudanar ruwa, ya bar teku ya je.

25/ Ku fa? In an ba ku zaɓi, a rufe fatsa gaba ɗaya a watannin zafi, ko a bar ta da sharaɗin asuba kawai? Masunta da 'ya'yan masunta da ke nan, naku na fi son ji. 👇