Gudummawar Ƙasashen Waje ga Zaɓenmu: Ina Ƙarfinta Ya Tsaya?

Yau ina so mu ɗan ajiye zancen girki da renon yara, mu tattauna a kan wani al'amari da muke yawan ji a rediyo duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, amma da wuya ki ji an tsaya an warware mana shi. Watau zancen kuɗin da ƙasashen waje suke bayarwa domin a gyara zaɓe a Nijeriya, a riƙa yinsa a fili kowa na gani, har wanda ya faɗi ya yarda cewa faɗuwa ya yi. Tun da yake zaɓen 2027 na tafe, ya kamata ke ma ki san su wane ne masu ba da kuɗin nan, me ake yi da su, kuma ina ƙarfinsu ya tsaya.

Kada ki ce wannan zancen maza ne. Ki tuna a zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa kuwa suna gida. Sai da irin su Hajiya Gambo Sawaba suka sha ɗauri da wulakanci kafin a ba mu wannan 'yanci a 1976, muka shiga babban zaɓe a 1979. A rajistar 2023 an rubuta mutum fiye da miliyan 93, kuma cikin kowane ɗari wajen 47 mata ne. Amma Majalisar Dattawan da zaɓen ya haifar, mata huɗu kacal suka zauna a cikin kujeru 109. Sa'an nan idan zaɓe ya lalace, a kanmu abin yake ƙarewa. Rikicin da ya biyo bayan zaɓen 2011 ya ci rayuka fiye da 800 a Arewa, kuma ba sai na gaya miki wa aka bari da takaba da marayu ba.

To, su wa ke ba da kuɗin? Ɗaya daga cikin manyansu ita ce Tarayyar Turai. Tun 1999 take aiko da 'yan kallo a kowane babban zaɓe namu. A 2017 ta buɗe wani shiri na taimakon mulkin dimokuraɗiyya a Nijeriya da Yuro miliyan 26 da rabi, a 2022 kuma ta shiga zango na biyu da Yuro miliyan 39. Ingila ma ta daɗe tana bayarwa, haka Amurka ta bayar shekara da shekaru ta hannun hukumarta ta USAID. Akwai kuma lokacin da wasu ƙasashe suka riƙa tara gudummawarsu a asusu ɗaya, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana kula da shi. Da waɗannan kuɗi ake horar da ma'aikatan zaɓe, a koya wa 'yan jarida yadda za su ba da labari ba tare da hura wuta ba, a wayar da kan jama'a a rediyo, a taimaki ƙungiyoyin mata da na naƙasassu, a kuma biya wa 'yan kallo na cikin gida kuɗin mota da na waya.

Mutane da yawa suna zaton Turawa ne suke ɗaukar nauyin zaɓenmu. Sam ba haka ba ne. Domin zaɓen 2023, Naira biliyan 305 Hukumar Zaɓe ta INEC ta nema daga baitulmalin ƙasa, kuma daga ciki aka sayi na'urorin tantance masu zaɓe da ake kira BVAS. Idan kika juya Yuro miliyan 39 ɗin nan zuwa Naira bisa canjin 2022, ba su kai kashi ɗaya bisa goma na wannan kuɗi ba, alhali kuwa na shekaru da yawa ne, kuma ba Hukumar Zaɓe kaɗai ake ba su ba. Ashe tuwon namu ne, miyar tamu ce, baƙi ɗan gishiri suka kawo. Saboda haka idan zaɓe ya ɓaci, kuɗinki da nawa ne suka tafi a banza.

Duk da haka gishirin ya yi amfani, kuma gaskiya ce mu faɗa. Zaɓen 2007 ya yi muni ƙwarai. 'Yan kallon Tarayyar Turai suka fito fili suka ce bai kai ko mafi ƙanƙantar mizanin zaɓen gaskiya ba, 'yan kallon gida ma suka faɗi haka. Shi kansa Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda aka ce ya ci, ya amsa a ranar da aka rantsar da shi cewa zaɓen yana da kurakurai. Ya kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda ya miƙa rahotonsa a ƙarshen 2008. A 2010 aka naɗa Farfesa Attahiru Jega shugaban Hukumar Zaɓe, aka yi sabuwar rajista da hoton yatsa a 2011, aka kawo na'urar karanta kati a 2015. A shekarar ce kuma manyan 'yan takara suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Abuja gaban Kofi Annan da Cif Emeka Anyaoku, kwamitin Janar Abdulsalami Abubakar ya ci gaba da bibiyarsu, har Shugaba Goodluck Jonathan ya buga wa Janar Muhammadu Buhari waya ya taya shi murna tun kafin a gama sanar da sakamako. 'Yan Nijeriya ne suka yi wannan aiki, amma idon duniya da kuɗin baƙi sun ƙarfafa musu gwiwa.

Wani abu mai amfani da kuɗin nan suka raya shi ne ƙidayar gefe. Ga yadda ake yinta. Ƙungiya mai zaman kanta takan zaɓi wasu rumfunan zaɓe a ko'ina cikin ƙasa bisa lissafi, ta ajiye mutum a kowace. Da an gama ƙirga ƙuri'u sai ya aika da adadin ta waya, a haɗa a yi lissafi, a san kusan abin da ya kamata Hukumar Zaɓe ta sanar. Kamar dai yadda kike ɗanɗana cokali ɗaya ki san ɗanɗanon tukunya duka. An yi irin wannan a 2011 da 2015, kuma ƙungiyar Yiaga Africa ta yi a 2019 da 2023.

Yanzu bari mu dubi inda ƙarfin gudummawar ya ƙare. An shiga zaɓen 2023 da kyakkyawan zato. Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar zaɓe a watan Fabrairu na 2022. Hukumar Zaɓe ta yi alkawarin cewa da an gama ƙirga a rumfa, za a ɗauki hoton takardar sakamako da na'urar BVAS a tura shi wani shafi na intanet mai suna IReV, inda kowa zai gani da idonsa. An yi ta shelar wannan alkawari a rediyo da talabijin, 'yan gida da baƙi duka suka yi murna. Ranar 25 ga Fabrairu ta zo, takardun zaɓen 'yan majalisa suka riƙa hawa, na shugaban ƙasa kuwa suka maƙale, mafi yawansu ba su hau a kan lokaci ba. Hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce. Yiaga Africa ta ce sakamakon da aka sanar na jihohin Ribas da Imo bai yi daidai da abin da mutanenta suka gani ba. A watan Yuni 'yan kallon Tarayyar Turai suka fitar da rahoto mai shawarwari 23, fadar shugaban ƙasa ta yi watsi da shi. A watan Oktoba Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen Shugaba Bola Tinubu, ta kuma ce rashin tura hotunan ba ya rushe zaɓe bisa dokar wancan lokaci. Abin da ya fi ba da tsoro shi ne yawan waɗanda suka fito. Cikin miliyan 93 ɗin nan, wajen miliyan 25 ne kaɗai suka jefa ƙuri'a, watau kimanin 27 cikin ɗari. Tun da aka koma mulkin farar hula a 1999 ba a taɓa ganin ƙarancin fitowa a zaɓen shugaban ƙasa kamar wannan ba.

Kin ga ke nan, baƙo yana iya ba da shawara, ba ya iya tilasta a bi ta. Ai ko shawarar gida ma ba a bi ba. Kwamitin Uwais ya ce a daina barin shugaban ƙasa shi kaɗai ya zaɓo shugaban Hukumar Zaɓe, domin shi ma ɗan takara ne ko uban jam'iyya. Ba a gyara ba, ta wannan hanya aka naɗa Farfesa Joash Amupitan a watan Oktoba na 2025. Kwamitin ya kuma ce a kafa hukuma ta musamman mai hukunta masu maguɗi, amma har aka yi zaɓen 2023 ba a kafa ta ba. Waɗannan gyare-gyare a hannun 'yan majalisar da muka zaɓa suke, babu Yuro ko Dalar da za ta ɗaga musu hannu.

Sa'an nan idon baƙo ba ya kaiwa ko'ina. A 2023 rumfunan zaɓe 176,846 ne a ƙasar nan, 'yan kallon Tarayyar Turai kuwa 110 ne. Sukan zo su zaga, su ga layi, su rubuta, su koma. Ba a nan kaɗai abin yake haka ba. A Kenya a 2017 manyan 'yan kallo na ƙasashen waje sun yaba da yadda aka jefa ƙuri'a, amma Kotun Ƙolin ƙasar ta soke zaɓen shugaban ƙasa saboda yadda aka tura sakamako. A Malawi kuma, bayan zaɓen 2019, an kai wa kotu takardun sakamako da aka shafe da farin ruwan nan na gyaran rubutu aka sake rubuta wasu lambobi. Kotu ta soke zaɓen a watan Fabrairu na 2020, aka sake shi, ɗan hamayya ya ci. A duka ƙasashen biyu 'yan ƙasa ne suka tattara takardu suka kai ƙara, alƙalan ƙasa kuma suka yi hukunci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma cutar da take cikin gidajenmu, wadda ba na'urar da za ta kama ta. Da aka toshe wa 'yan maguɗi hanyar cika akwati da ƙuri'un bogi, sai suka ƙara ƙaimi wajen sayen ƙuri'a, kuma mu mata suka fi nufa. Turmin atamfa, sabulu, taliya, ko 'yan kuɗin da ba za su kai mako ba. Na san talauci ne yake sa a karɓa, ba kuwa zan zagi uwar da yaranta suka kwana da yunwa ba. Amma wanda ya sayi ƙuri'arki yana ganin ya gama biyanki, ba ki da bakin tambayarsa maganin asibiti ko rufin aji har shekara huɗu.

Wasu kan tambaya, shin Turawan nan don Allah suke yi? Suna da bukatarsu, kuma ba su ɓoye ba. Nijeriya ita ce ƙasa mafi yawan jama'a a Afirka, suna ciniki da ita, kuma sun san in ta rikice 'yan gudun hijira har ƙofarsu za su kai. Bukatarsu da tamu sun haɗu a kan zaman lafiya, wannan ba laifi ba ne. Abin lura shi ne kuɗinsu yana bin siyasar gidansu. A watan Janairu na 2025 Shugaba Donald Trump ya dakatar da agajin Amurka ga ƙasashen waje, kafin tsakiyar shekarar ta wuce an rufe USAID. A watan Fabrairu na 2025 Ingila ta ce za ta rage nata agajin domin ta ƙara kuɗin soja. Ƙungiyoyin da suka dogara da waɗannan kafofi dole su ji a jikinsu. Dama Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

To 'yar'uwa, ina mafita? Wurin da ya fi kowane wuri wahalar yin ƙarya shi ne rumfar unguwarki, domin a nan ake zazzage akwati a ƙirga ƙuri'u da ƙarfi gaban jama'a. Sai a rubuta adadin a takarda, jami'i da wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ba kowane wakili kwafinsa, a manna sakamakon a bango. Tun a 2015 Farfesa Jega ya bayyana cewa mai zaɓe yana iya tsayawa cikin lumana ya ga ƙirga. Saboda haka ki yi rajista, ki karɓi katinki, ki taimaki maƙwabciyarki ta karɓi nata. Ranar zaɓe, in maigida ya yarda kuma wuri lafiya yake, ki tsaya ki ga ƙirga. In hidimar gida ba ta bar ki ba, ku yi karɓa-karɓa da 'yan adashinku, ko ki sa ɗanki ko ƙaninki ya tsaya. A rubuta lambobin a takarda ko a ɗauki hotonsu, a kwatanta da abin da aka sanar daga baya. Mu da muka yi makaranta, musamman malamai da ma'aikatan jinya, ya kamata mu ba da sunayenmu ga ƙungiyoyin 'yan kallo na gida, mu kuma karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba abin da aka manna. Idan ɗan majalisa ya zo neman ƙuri'a, a tambaye shi me ya yi a kan dokar zaɓe da hukuncin masu maguɗi.

Mu gode wa wanda ya taimake mu, mu kuma karɓi shawararsa in mai kyau ce. Amma rumfuna fiye da 176,000 ba mai iya tsaronsu sai mu da muke zaune kusa da su, mu mata kuwa mun haura miliyan 44 a rajistar 2023. Ko mace ɗaya cikin kowace ɗari ce ta tsaya, kowace rumfa za ta sami shaidu biyu. Allah ya ba mu shugabanni nagari, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.