Kada A Bar Tashar Kogin Oji Ga 'Yan Gwangwan

Duk mai shago a Rijiyar Lemo ko Sabon Gari ya san kuɗin man janareta a kowane mako, amma kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa Nijeriya ta taɓa samun lantarki daga kwal ɗin da ta haƙo da hannunta.

A shekarar 1956 ne aka buɗe tashar lantarki ta Kogin Oji, kusa da Inugu, inda aka soma haƙar kwal tun 1916. A cikin bokitai da ke rataye a igiyar ƙarfe ake aiko da kwal daga ramuka, a ƙona shi, ruwan kogi ya tafasa, tururi ya juya injuna. Ba mai jiran jirgin ruwa daga Turai. Kada kuma a manta da ma'aikatan kwal 21 da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe a Iva Valley a 1949. Daga ramukan Inugu ɗin nan wutar ta fito.

To, me ya kashe ta? Ba ƙarewar kwal ba ce. Jiragen ƙasa sun koma shan dizal, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsai da haƙa, madatsar Kainji ta soma aiki a 1968, sa'an nan kuɗin man fetur ya rufe wa hukumomi ido. NEPA ta gaji tashar a 1972, aka yi ta lallaɓa ta har ta yi shiru.

Ba muna cewa a sake hura ta ba ne. Injunan sun tsufa, hayaƙin kwal kuwa illa ne ga huhu da yanayi, har Birtaniya ma ta rufe tasharta ta ƙarshe mai amfani da kwal a 2024. Amma ginin tashar Battersea ta Landan, wadda aka rufe a 1983, yana nan tsaye, an gyara shi, jama'a suna shiga.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da ta damƙa abin da ya saura a Oji ga Hukumar Gidajen Tarihi, a tattara taswirori da littattafan aikin tashar, a kuma ɗauki maganar tsofaffin ma'aikatanta tun suna raye. Ɗaliban injiniya na Jami'ar Bayero da na Zariya su riƙa zuwa suna gani. Gwamnatin Jihar Kano kuwa ta yi haka da tsofaffin takardun aikin ruwa da wuta na Chalawa, wanda aka yi a zamanin Sarki Abdullahi Bayero.