Na'urar da ba ta san yatsan manomi ba

Jama'a, dattijo ya shekara arba'in yana noman shinkafa a fadamar Augie, fartanya ta cinye zanen yatsunsa. Ya je rajista, na'ura ta ƙi shi, a ce ya dawo gobe. Wallahi wanda ya ƙera ta bai taɓa tunanin manomi ba.

Ni dai kirana ga jami'o'inmu na Aliero da Birnin Kebbi: kada ɗalibin kwamfuta ya karɓi digiri sai ya kai manhajarsa kasuwa, tsohuwa mai ƙaramar waya wadda ba ta jin Turanci ta gwada ta.

Masu cewa wannan ba aikin injiniya ba ne, kun manta canjin kuɗin 2023? An ce kowa ya koma tiransifa, alhali akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sabis.