Jarumin da Ke Komawa Jiya

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in faɗi ra'ayina a kan littattafan nan na labari cikin zane da ake bugawa a Amurka, waɗanda muke aron juna a ɗakin kwana har bangonsu ya yage. Jarumansu, irin su Superman da Batman da Flash, kowa ya san su. Abin da ya dame ni shi ne ɗabi'ar da marubutan suka ɗauka ta ba jarumi ikon komawa zamanin da ya wuce don ya gyara abin da ya ɓaci. A ganina wannan dabara tana kashe labari, sai fa in an sa jarumin ya biya ta da tsada.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1895 wani Bature ɗan Ingila, H. G. Wells, ya rubuta littafi a kan injin da ke keta zamani. Amma matafiyinsa mutum ne kamar kowa, yana jin tsoro, yana shan wuya. Da aka miƙa wannan iko ga wanda harsashi ba ya huda shi, sai tambaya ta taso: me kuma ya rage da za mu ji masa tsoro? A fim ɗin Superman na 1978, Lois Lane ta mutu a girgizar ƙasa. Sai gogan ya yi ta kewaya duniya da gudu har lokaci ya koma baya, ta tashi garau. To, in mutuwa ma ana iya share ta kamar rubutun alli a allo, don me zuciyata za ta buga in wani ya shiga hatsari?

Abin ya fi muni a littattafan da nake kira 'yan rakiya. Kamfani yakan fito da babban labari guda, sa'an nan ya jero ƙananan littattafai a gefensa, kowanne yana bin wani jarumi. A 2011 kamfanin DC ya buga Flashpoint cikin kashi 5, ya kuma raka shi da jerin ƙananan labarai fiye da 10. Da labarin ya ƙare, aka soke duniyar da aka yi su a cikinta, aka sake fara littattafai 52 daga lamba ta ɗaya. Wanda ya tara kuɗin kashewarsa ya saye su duka, ashe ya sayi tarihin abin da aka ce bai taɓa faruwa ba. Wannan ciniki ne ya fi yawa a ciki, ba hikima ba.

Amma kada in yi rashin adalci, domin a cikin Flashpoint ɗin nan ne na ga yadda ya kamata a yi. Flash, wato Barry Allen, an kashe mahaifiyarsa tun yana yaro. Ya koma baya ya cece ta, sai duniya ta kife. Mutanen Aquaman da na Wonder Woman suka shiga yaƙi, ruwa ya cinye yammacin Turai. Daga ƙarshe dole ya sake komawa ya hana kansa ceton uwar da ta haife shi. Wa zai karanta wannan bai yi shiru ba?

Ɗaya daga cikin 'yan rakiyar ma ya fi babban labarin taɓa ni. A cikinsa, yaro Bruce Wayne ne ɗan fashi ya harbe, ba iyayensa ba. Uban, Thomas, ya zama Batman mai zafin zuciya, uwar kuwa baƙin ciki ya haukata ta, ta zama Joker. Da Thomas ya ji akwai wata duniya inda ɗansa ya rayu shi kuma ya mutu, sai ya taimaki Flash ya maido da ita, alhali ya san ƙarshensa ke nan. Wasiƙa kawai ya aika wa ɗan. Wannan uba ba ya tashi sama, amma shi ne jarumin gaske a wurina, kuma na tabbata iyayenmu za su gane shi fiye da mu.

Saboda haka ba na cewa a daina karanta waɗannan littattafai, kuma ina roƙon iyaye kada su ƙwace su. Abin da nake cewa shi ne mu riƙa tambaya: me jarumin nan ya rasa? In bai rasa kome ba, an yaudare mu. Mu dai ba mu da injin komawa jiya. Jarrabawar da aka faɗi an faɗi, maganar da ta fita bakin mutum ba ta komawa. Hausawa sun ce da-na-sani ƙeya ce. Labari mai kyau shi ne wanda zai tuna mana haka tun lokaci yana hannunmu.