Ango, ƙwaya biyu ba sa ninka ƙarfi

1/ Zaren yau a kan shuɗiyar ƙwayar nan ne, Viagra da ƙannenta da ake sayarwa a kemis kamar alewa. Mai jin kunya ya karanta a ɓoye, amma dai ya karanta. Ni ɗalibin haɗa magunguna ne, ba likitanka ba.

2/ Sunan sinadarin sildenafil. Kamfanin Pfizer ya fara gwada shi ne don ciwon ƙirji na zuciya, sai aka lura da wani aikin da yake yi a ƙasa. A 1998 Amurka ta amince da shi. Ka riƙe wannan: a jijiyoyin jini yake aiki, yana buɗe su. Ba ya kawo sha'awa, ba ya ƙara girma. In babu sha'awa ko ka sha ba abin da zai motsa.

3/ Yana zuwa a 25mg, 50mg da 100mg. Likita yakan fara da 50, kamar awa ɗaya kafin buƙata. Tsoho ko mai matsalar ƙoda ko hanta, 25. Iyaka 100, sau ɗaya a awa 24. Shi ke nan.

4/ Amma me muke yi? Abokan ango su damƙa masa 100 guda biyu, wai "daren farko ne, kar ka ba mu kunya". Ya ci kaza da mai, maganin ya yi jinkiri (abinci mai maiƙo yana jinkirta shi), ya ɗauka bai yi ba, ya ƙara. Abin da ya wuce 100 ba ƙarfi yake ƙarawa ba, sai ciwon kai, jiri, toshewar hanci, ido ya riƙa ganin shuɗi-shuɗi. Wannan ba abota ba ce wallahi.

5/ Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne "na gargajiya ne ai". A 2022 hukumar FDA ta Amurka ta gargaɗi kamfanonin da ke sayar da zumar maza bayan an samu sildenafil da tadalafil a ciki, ba a rubuta a jiki ba. Shi tadalafil yana kai awa 36 a jiki. To ka sha zuma, ka ɗora ƙwaya, mg nawa ka sha? Kai ba ka sani ba, mai tebur ɗin ma bai sani ba.

6/ Mai shan nitroglycerin ko isosorbide don ciwon zuciya, kar ya kusanci wannan maganin. Haɗuwarsu tana saukar da jini warwas, mutum ya faɗi, wani ba ya tashi.

7/ Masu sikila, ku ne na fi so ku ji, kuma muna da yawa a Najeriya. Dama can gaba yakan miƙe muku ya ƙi kwanciya da ciwo. Maganin nan ba naku ba ne sai da likita.

8/ Kowa ma, in ya kai awa 4 a miƙe, asibiti kai tsaye. Ba ruwan sanyi, ba "bari gari ya waye". Jinin da ya maƙale yana kashe naman wurin, kuma jinkiri na iya sa ya daina aiki gaba ɗaya.

9/ In kuwa da gaske kana da matsalar a shekara 25, sau da yawa fargaba ce, ko tramadol, ko suga da hawan jini ne suke ƙwanƙwasa ƙofa. Awon suga da na jini minti kaɗan ne, a fara da su kafin a je kemis.