Kada A Bar Gara Ta Cinye Shaida

Wai tunda an buga littattafan Shehu da na Abdullahin Gwandu, tsoffin rubutun hannu sun gama aiki. Haba jama'a! Mai kwafa ɗan Adam ne: yakan tsallake layi, yakan cusa sharhin gefe cikin matani. Mai bugawa kuma kwafin da ya samu shi zai bi, har da kurakuransa. To da me za a kama kuskuren in babu tsohon?

Masana Baibul na Girkanci sun san wannan. Kundin Sinai da na Fadar Paparoma, duka na ƙarni na 4, sun tsayar da Linjilar Markus a 16:8, ayoyi 12 na ƙarshe babu su. Tsohon kwafi ne ya nuna haka. A 1933 Ingila ta sayi na Sinai fam 100,000.

Mu kuwa a Kontagora, garin Nagwamatse jikan Shehu, namu na cikin gafaka gara na ci, magada na rabawa warƙa-warƙa. Ku daina. Ku kai Arewa House a Kaduna a ɗauki hotonsu, tun kafin damina ta ƙarasa saura.